Ragin Da Na Nema Ya Tafi Da Muryata

Shekaru kaɗan da suka wuce, in ka shiga karar shanu ta Mai'aduwa ranar Lahadi ka ji wata murya ta danne kukan shanu da ƙugin tireloli, to ba sai ka tambaya ba, ni ne. Dillali ne ni, ɗan dillali, haifaffen cikin garin Daura. Allah ya ba ni jiki, ya ba ni baki, ni kuma ban yi wa ko ɗaya rowa ba. In na tsaya a tsakanin Bafillace mai sa da falke mai kuɗi, sai na yi ta juya su da zolaya da rantsuwa da dariya har su sallama wa juna ba su san lokacin da suka yi ba. A unguwarmu in ladan ya makara kuma babu wuta, ni ake turawa in kira salla, don an san har bayan gari za a ji. A lokacin ina da mata ɗaya da yara maza, ina da rufin asirina daidai gwargwado. Ina gaishe ka edita, da kai da masu karanta wannan mujalla. Sunana kam ba zan faɗa ba, kuma kafin ka kai ƙarshe za ka gane dalili.

Duk wannan cika baki da nake yi, akwai abin da nake ɓoyewa a ƙarƙashin riga tun ina saurayi. Da na fara balaga sai ƙirjina ya tasa irin na mata. Ba ƙiba ba ce kawai, abu ne da ido ke gani ya sake kallo. Tun ranar da sa'o'ina suka yi mini ihu a bakin kududdufi ban sake tuɓe riga a gaban ɗan Adam ba. Ban yi kokawa ba, ban yi iyo ba, ko noma na je da riga nake yi. Na girma ina sa matsattsiyar singileti, in ɗora 'yar ciki, in ɗora babbar riga, ko da kuwa ana zafin bazarar da ke sa kare ya shige ƙarƙashin mota. Mutane suna cewa ina son ado. Ina fa ado, wallahi wahala ce. Ko a ɗakina ban yarda matata ta gan ni babu singileti ba, in hannunta ya kai wajen sai in ture shi in kawo wata hira. Ba ta taɓa cewa komai ba, ni ma ban taɓa cewa komai ba, haka muka yi ta zama.

Wata rana da damina ruwa ya kama mu a kara, babu wurin fakewa, rigata ta jiƙe ta manne mini a jiki. Akwai wani abokin wasana, shi ma dillali, bakinsa ba ya da linzami. Ya nuna ni da sanda ya ce wa jama'a su zo su taya, ga karsana ta kusa haihuwa, madara ba za ta yi tsada ba bana. Aka kwashe da dariya. Na fi kowa dariya, har na rama da wadda ta fi tasa zafi, amma da na koma gida ko tuwo ban iya ci ba. A shekarar ce kuma na biya kujerar Makka, mu da yawa daga cikin 'yan kara muka biya tare. Maimakon in yi murna, sai tunanin harami ya hana ni sakat. Ƙyalle biyu, babu singileti, babu babbar riga, a tsakiyar mutanen garinmu, har da wannan mai bakin. Allah ya yafe mini, mutane suna ɗokin ganin Ka'aba, ni ina lissafin yadda zan rufe ƙirji.

Ana cikin haka na ci karo da wani bidiyo a waya. Wani likita ne a Kano yake bayani da Hausa mai daɗi, yana nuna hotunan maza irina, ga yadda suke da, ga yadda suka koma. Ya ce aiki ne na yini ɗaya, ka zo da safe ka kwana a gidanka. Na kalli bidiyon nan har ban san adadi ba, ina rage sauti kada a ji. Daga baya na kira, aka yi mini kwatance, na ce a gida zan je sayen maganin dabbobi. Wurin gida ne aka mayar asibiti a cikin wata unguwa ta masu hali, ga tayil yana sheƙi, ga sanyin na'ura, ga ƙamshi. Likitan matashi ne mai fara'a, yana ta kira na Alhaji tun ban je ba. Ya duba ni, bai yi dariya ba, bai ɗaga gira ba, ya ce wannan ai ƙaramin abu ne, ya yi wa waɗanda suka fi ni. Wallahi a rayuwata shi ne mutum na farko da ya ga ƙirjina ya yi magana kamar ba komai ba, kuma nan take na ba shi amanata gaba ɗaya.

Sai muka zo kan kuɗi, nan kuma dillali ya farka. Ya lissafo mini abubuwan da za a biya, da ladan aikinsa, da ɗaki, da magunguna, sannan ya ce akwai kason wani likita da ake ɗaukowa daga babban asibiti don allurar barci. Na tambaye shi me shi wannan yake yi. Ya ce shi ne zai yi mini allura in yi barci, sannan ya zauna a wajen kaina har a gama. Na ce yanka yake yi, ya ce a'a. Ɗinki yake yi, ya ce a'a. Sai na yi murmushi, don a ganina na gano bakin zaren. Mu a kara mun san irinsu. Duk cinikin da za a yi sai ka ga wani ya matso ya dafa ƙahon sa, bai kawo mai saye ba, bai kawo mai sayarwa ba, amma in an zo rabon la'ada ya miƙo hannu. Na ce wa likita ni fa ba baƙon ciniki ba ne, allura ko ni ina yi wa shanu, ban ga dalilin da zan biya ƙato ya zauna yana kallon fuskata ina barci ba. Ya ce haka tsarin yake. Na ce albarka. Na miƙe, na kakkaɓe riga, na zura takalmi, na nufi ƙofa a hankali ina ƙirga taku a zuciyata kamar yadda nake wa fatake. Ban kai ga ƙofar ba ya kira ni. Ya ce to shi ke nan Alhaji, zai yi allurar da kansa, ai ya saba. Na dawo Daura ranar ina jin kaina, wai na yi wa ɗan boko wayo.

Ni jahilcina ne ya sa na nemi ragin nan, ban san me nake cirewa ba. Amma shi ya sani. Har gobe in na tuna yadda ya sallama cikin sauƙi, yana murmushi, sai in ji zuciyata tana tafasa. Da a ce ya daka mini tsawa ya ce in tafi da kuɗina, da yau ina yi masa addu'a.

Ya ce in zo da mai jinya, na ce to, alhali na san ba zan zo da kowa ba. Wa zan kawo? Yayana, wanda yake kamar uba a wurina, in ce masa ya raka ni a rage mini nono? Ko matata da na shekara da shekaru ina ɓoye wa? Sai na shirya ƙarya mai kyau. Na ce zan bi tirela Kudu da kaina don wani falke yana mini wasa da ciniki, kuma kada a damu in ba a same ni a waya ba, hanyar babu sabis. Matata ta yi mini dambun nama ta ƙulla a leda, ta raka ni har zaure tana Allah ya tsare hanya. Da na sauka a tasha a Kano na zauna wajen mai waina na ci na ƙoshi, na kora da shayi mai kauri, a tunanina wanda zai fuskanci wuƙa gara ya je da ƙarfinsa. Babu wanda ya ce mini kada in ci komai, kuma da na isa babu wanda ya tambaye ni ko na ci. Ba a auna nauyina ba, ba a auna jinina ba, ba a tambaye ni ko ina da wani ciwo ba. Wata ma'aikaciyar jinya ce kawai ta tambayi ina ɗan'uwana, na ce yana tafe a baya. Ta karɓi wayata da hulata da rigunana ta zuba a leda. Da na kwanta a kan gadon nan ƙirji a buɗe, abin da ya dame ni shi ne kada yarinyar nan ta yi dariya, mutuwa ko a raina ba ta zo ba.

Na ji sanyi yana bin hannuna, fitilar sama ta fara rawa, na tafi. Ban san tsawon lokacin da aka ɗauka ba, sai na ji kamar an ɗora mini ƙarfe mai zafi a ƙirji ana ja. Na motsa. Na ji muryar likitan daga nesa yana cewa a ƙara masa, jikinsa babba ne. Aka ƙara. Daga nan ne abin ya lalace. Wani ɗaci ya taso mini daga ciki ya cika maƙogwarona, na nemi numfashi na rasa. Ina ji, ina sane, amma ko ɗan yatsa na kasa ɗagawa, ko ido na kasa buɗewa. Na ji faranti ya faɗi ƙasa da ƙara, na ji yarinyar tana salati, na ji likita yana ihu a kawo tukunyar iska, wani yana amsawa wai babu komai a cikinta. Sai aka cusa mini ƙarfe a baki, aka zaro, aka sake cusawa, haƙorina ya karye na ji shi a kan harshe. Na so in yi kalmar shahada harshena ya ƙi. Abin da ya zo mini a rai a lokacin shi ne zan mutu a ɗakin da babu wanda ya san sunan ubana, iyalina kuma za su yi ta nemana a hanyar Kudu, suna bin asibitoci da ofisoshin 'yan sanda na garuruwan da ban taka ba.

A babban asibiti na farka, da roba a maƙogwaro, hannuwana a ɗaure a jikin gado don kada in fizge ta. Daga baya ne na ji yadda na zo. Wai wata mota ce ta sauke ni a ƙofar sashen gaggawa, waɗanda suka kawo ni suka ce tsinto ni suka yi, bari su gyara tsayuwar mota su dawo, ba a sake ganinsu ba. Babu waya, babu riga, babu suna. Da na ɗan farfaɗo aka mayar da ni babban ɗaki na maza, a nan ne na san me ake kira kaɗaici. Kowane gado da mutanensa. Wannan matarsa tana masa fifita, wancan ƙanensa yana juya shi, ga tabarmi a ƙasa, ga kwanuka da filas, in lokacin dubiya ya yi ɗakin ya cika da sannu da jiki da Allah ya ƙara sauƙi. Gadona ne kaɗai babu ko takalmi a gabansa. Masu dubiya in sun zo wucewa sai su ɗan rage tafiya su kalle ni, su ce Allah sarki, su wuce. Ni da in na yi zazzaɓin kwana ɗaya zaurena ke cika.

Akwai wata tsohuwa da ke jinyar ɗanta a gadon da ke kusa da nawa. Da na ji maganarta na gane ta wajenmu ce, can ɓangaren Baure, sai na juya fuskata bango don kada ta taɓa ganina a kasuwa ta gane ni. Ka ji fa, ina tsakanin rai da mutuwa amma kunya ba ta sake ni ba. Ita kuwa ba ruwanta. In ta goge wa ɗanta baki sai ta zagayo ta goge mini nawa, ta kore mini ƙuda, tana cewa ɗan nan ko waye ya haife ka yana can hankalinsa a tashe. Ranar da aka cire mini robar na buɗe baki in yi mata godiya, sai iska kawai ta fito. Na sake gwadawa, na yi tari, na tattaro ƙarfina, babu abin da ya fito sai huci. Ta ce in yi haƙuri, maƙogwaro ne ya gaji, zai dawo. Ni ma haka na ɗauka.

Wata likita ce ta zo ta zauna a bakin gadona ta yi mini bayani a hankali. Ta ce abincin da ke cikina ne ya taso ya shiga huhuna, shi ya sa ake hana mutum ci kafin a sa shi barci. Ta ce maganin da aka ba ni ya yi yawa har ya danne numfashina, kuma wanda ya yi ƙoƙarin zura mini robar numfashi bai iya ba, ya yi ta cusawa har ya yi wa wurin da murya ke fita rauni mai tsanani. Ta ce da an ƙara ɗan jinkiri da ƙwaƙwalwata ta taɓu ko kuma a rasa ni. Sai ta tambaye ni da mamaki ko babu likitan barci a wurin. Na girgiza kai. Ta ce ita ma likitar barci ce, aikinta ke nan. Ta ce mai yanka idonsa na kan wuƙarsa, ba zai iya kallon wuri biyu ba, su likitocin barci ne suke riƙe da numfashin mutum da bugun zuciyarsa tun daga lokacin da ya rufe ido har ya buɗe, su ke auna magani daidai jikinsa, su ke lura in abu ya fara karkacewa tun kafin ya yi nisa. Ina kwance ina kallon silin, hawaye yana gangarowa cikin kunnena. Ashe mutumin da na kira mai dafa ƙaho shi ne mai riƙe da raina, ni kuma na tashi na kakkaɓe riga a kansa.

Da na ga babu mafita na karɓi wayar ɗan tsohuwar nan na danna lambar yayana, ita ta yi magana a madadina. Kafin la'asar sun iso shi da matata. Ashe sun riga sun shiga tashin hankali, don direban tirelar da na ambata ya dawo ya ce bai gan ni ba. Likitoci suka yi wa yayana bayanin komai, har da abin da ya kai ni. Ya tsaya a kaina yana kallona, sai kawai ya ce ashe haukata ta kai nan, ya fita waje. Da ya dawo idanunsa sun yi ja. Washegari na kwatanta masa gidan a rubuce ya je, ya tarar da ƙofa a garƙame, an cire allon, maigadin maƙwabta ya ce sun tashi. Wani lauya ɗan unguwarmu da yayana ya yi wa zancen a asirce ya ce ana iya kai ƙara wajen hukumar da ke kula da likitoci, a bi sawunsa. Amma sai na tsaya a gaban mutane an karanta abin da na je yi, watakila har ya shiga rediyo. Na ƙi. Yayana ma ya ce a bar wa Allah, ƙaddara ce. Aka gaya wa mutanen gari ciwon huhu ne ya kama ni a hanya. Bayan wasu watanni na sake cin karo da wani bidiyo, sabon suna, sabon wuri, ba a nuna fuska ba, amma muryar nan mai daɗi ko a mafarki na ji ta zan gane. Na kashe wayar na kifa ta. Shirun da na yi shi ya ba shi hanya, kuma ban san ko mutum nawa ya kwantar bayana ba.

Abin dariya abin kuka, gefe ɗaya kawai ya kai ga yankewa kafin abin ya rikice. Yanzu ɓangare ɗaya a shafe da mummunan tabo, ɗayan yana nan yadda Allah ya yi shi. Matata ce take wanke mini ciwon a gida, dole na tuɓe a gabanta da rana tsaka. Tun a asibiti ba ta ce mini uffan a kan zancen ba, sai wata rana tana shafa magani ta yi magana ba tare da ta ɗago kai ba. Ta ce ita fa tun makon farko na aurenmu ta san yadda ƙirjina yake, kuma bai taɓa zama komai a wurinta ba. Ta ce abin da ya yi ta cin ta shekara da shekaru shi ne yadda nake ture hannunta, ta ɗauka ita ce ba na son ta taɓa ni, har ta yi ta canza sabulu da turare ko za a dace. Ta faɗa tana ɗan murmushi, hawaye na ɗiga a kan audugar. Na buɗe baki in ba ta haƙuri, abin da ya fito ko ita da ke gabana sai da ta matso da kunne.

Muryar ba ta dawo ba. An gwada magani, an koya mini wasu dabaru na numfashi, abin da na samu shi ne raɗa mai kaushi, ita ma in na yi jimla biyu sai na huta. Jirgin alhazai ya tashi ina kwance. Da na warware na koma kara, ina ganin ai suna ya riga ya kafu. Kai, dillali babu murya! Ina tsakiyar haɗa ciniki sai falke ya yi ta cewa me ka ce, me ka ce, kafin in maimaita wani ya shigo da ƙarfinsa ya ɗauke cinikin a gabana. Fulanin da suka saba da ni sun yi mini kara na ɗan lokaci, daga baya su ma suka zame ɗaya bayan ɗaya, kuma ban ga laifinsu ba, dabba suka kawo sayarwa, ba zumunci ba. Yanzu ina da ɗan shago a bakin hanya ina sayar da dusa da harawa, sana'ar da nuni da yatsa ya isa. In na zauna a majalisa, kafin in tattaro numfashin da zan sa baki hira ta wuce wani wuri, sai in haɗiye abina. Wasu in za su gaishe ni sai su ɗaga murya kamar kurma ne ni. Abokin wasan nan nawa ya zo dubiya har ya yi kuka, yana cewa kara ta yi shiru babu ni, kuma har yau bai san komai ba. Ba na riƙe shi a zuciya, wasa ya yi irin wanda ni ma na sha yi wa wasu. Sai dai yanzu in na ji ana yi wa wani dariya a kan jikinsa, shi ma yana taya su, nakan duba idonsa.

Abin da ya sa na rubuto shi ne na san ba ni kaɗai ba ne. Akwai maza da mata da yawa da ke kallon irin waɗannan bidiyoyi a ɓoye, kowa da abin da yake jin kunya a jikinsa. Ban ce kada a nemi gyara ba, likitocin da suka ceci raina sun ce aikin da na je nema ana yin sa lafiya a inda ya dace. Amma don Allah duk wanda za a sa shi barci ya tambaya wa zai sa shi, ya gan shi da idonsa, ya tabbata aikinsa ke nan ba wani ba. In ba a tambaye ka ciwonka ba, ba a auna ka ba, ba a ce maka ka zo da ciki babu komai ba, sa takalminka ka fita, kuma kada ka waiwaya ko an kira ka. Likitan da ya yarda ka yi masa ragi a kan wannan, ba sauƙi ya yi maka ba. Sannan kada ka je kai kaɗai. Ko wace irin kunya ce, ka sami mutum ɗaya naka ka gaya masa, ya zauna a bakin ƙofa, don wanda aka san yana da mai jira a waje ba a jefar da shi a ƙofar asibiti a gudu.

Bayan abin da ya faru Allah ya ba mu 'ya mace, ita ce autarmu. Ba ta taɓa jin muryata ta gaskiya ba. In tana wasa da yayyenta gidan kamar zai tsage don ihunta, amma in ta zo wurina sai ta rage murya ta yi mini raɗa a kunne, ta ɗauka haka ake magana da Baba. Kwanakin baya da hantsi ina zaune a ƙofar gida tana wasa a gabana, uwarta tana ciki tana aiki. Ƙwallonta ya gangara titi ta bi shi da gudu, ga mai babur ya taho a guje. Na kira sunanta da duk ƙarfin da Allah ya ba ni, har jijiyar wuyana ta ɗaure, yarinyar nan ba ta ji komai ba. Allah ne ya sa mai babur ɗin ya kauce ya faɗa kwata. Ta dawo da ƙwallonta tana dariya, ta hau cinyata ta raɗa mini wai ta kamo shi. Matata ba ta ce laifina ne ba. Amma tun daga ranar, in na ce a kawo mini ita ƙofar gida mu zauna, sai ta turo ta tare da ɗaya daga cikin yayyenta, ni kuma ban taɓa tambayar dalili ba.